Lambobi shida masu raka riɗi daga Dawanau zuwa Japan

A kasuwar Dawanau da ke bakin Kano, idan an tace riɗi da inji an ɗinke buhuna, sai a jera su cikin kwantena, a rufe ƙofa, a danna mata wani ɗan kulle na ƙarfe mai kama da ƙatuwar ƙusa, wanda ba ya buɗuwa sai an datse shi. Kullen yana da lambarsa, lambar kuma tana rubuce a takardar jirgin ruwa, domin mai karɓar kaya a ƙetare ya tabbatar ba a taɓa su a hanya ba. Daga nan tirela ta ɗauka zuwa Legas, jirgi ya yi makonni da ita a teku har ta sauka a Japan ko Turkiyya. Bahaushen da ya sayar yana cewa riɗi, mutumin Japan yana cewa goma, Baturke susam, Balarabe simsim. Amma a takardar kwastam ta Legas da ta Yokohama a Japan suna ɗaya kayan ke amsawa, wato 1207.40. Jami'an biyu ba su taɓa haɗuwa ba, ba sa jin harshen juna, duk da haka kowannensu zai buɗe kundin harajin ƙasarsa ya sami riɗi a layi ɗaya.

Mutane da yawa idan sun ji ana maganar haɗin kan ƙasashe a harkar kwastam, sukan ɗauka an zauna ne an yanke kuɗin fito ɗaya ga kowa. Wannan bai faru ba, kuma babu alamar zai faru, domin kowace gwamnati tana riƙe da ikonta na cewa nawa za ta karɓa a kan shinkafa ko mota. Abin da aka daidaita shi ne mudu. Duk wanda ya saba sayen hatsi ya san cewa tayi da albarka ba sa lalata ciniki, abin da ke lalata shi shi ne mai saye ya zo da mudunsa mai sayarwa ya fito da nasa. A kowace iyaka ta duniya tambayoyi huɗu ake yi wa kaya: mene ne wannan, nawa ya kai, daga ina ya fito, kuma ta wace hanya za a sallame shi. Fiye da shekara 70 ke nan ƙasashe suna ƙoƙarin ganin an amsa tambayoyin nan da ma'auni iri ɗaya, kuma nasarar da aka samu ba ɗaya ba ce a kan kowace tambaya.

Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro sun san wahalar rashin wannan ma'auni. Tsakanin Kano da Salaga ayari yakan ƙetare Kwara ya ratsa Bargu da ƙasashen sarakuna da dama, kowane da nasa fiton da nasa gaisuwar, kuma babban aikin madugu shi ne zama da fadawan kowane gari a shirya abin da za a biya. Abin da aka biya bara ba lalle shi za a biya bana ba. Ɗan kasuwa kuwa idan bai san abin da zai tarar a gaba ba, sai ya ƙara kuɗin fargaba a kan hajarsa, mai saye a kasuwar Kurmi ya biya. Har yau lissafin bai canja ba, jaki da takarkari ne kawai suka zama kwantena.

Tsarin da ake bi yanzu ya samo asali daga Turai bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 1947 ƙasashe 13 suka kafa kwamitin nazarin yiwuwar haɗa kwastam ɗinsu. Haɗewar ba ta samu a lokacin ba, amma masanan da aka tara sun gano cewa ko kwatanta harajin ƙasa da na wata ba zai yiwu ba matuƙar kowa yana kiran kaya da sunan da ya ga dama. A Disamban 1950 aka sa hannu a birnin Burasels na Beljiyam kan yarjejeniyoyi uku, ɗaya kan sunayen kaya, ɗaya kan ƙimanta kuɗinsu, ɗaya kuma ta kafa majalisar haɗin kan kwastam. Majalisar ta yi zamanta na farko ranar 26 ga Janairun 1953 da wakilan ƙasashe 17, shi ya sa ake bikin ranar kwastam ta duniya a wannan rana kowace shekara. A 1994 ta ɗauki sunan Hukumar Kwastam ta Duniya, wato WCO. Yau tana da mambobi sama da 180, waɗanda kusan kashi 98 cikin 100 na cinikin duniya ke bi ta hannunsu, kuma a 2025 aka zaɓi shugaban kwastam na Najeriya, Bashir Adewale Adeniyi, ya shugabanci majalisarta. Hukumar ba ta da 'yan sanda, ba ta da kotun da za ta ci ƙasa tara. Ƙarfinta duka yana cikin cewa ƙasar da ta ƙi bin ma'aunin ita ce ke shan wahalar fassara kowace takarda.

Babban abin da hukumar ta samar shi ne kundin lambobin kaya da ake kira HS, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 1988, Amurka kuma ta shigo cikinsa shekara guda bayan haka. An raba duk abin da ɗan Adam ke saye da sayarwa zuwa sassa 21 da babi-babi har 97, an fara da dabbobi masu rai a babi na 1, aka ƙare da zane-zane da kayan tarihi a babi na 97. Babi na 77 an bar shi babu komai, ajiya don gaba. Lambar riɗi idan aka warware ta, 12 ɗin farko babin ƙwayoyin da ake matse mai ne, 07 layin sauran irin waɗannan ƙwayoyi, 40 kuma riɗi shi kansa. Da zarar an matse shi ya zama man riɗi, ya bar babi na 12 ya koma 1515.50. Haka tsarin yake tafiya daga ɗanye zuwa sarrafaffe, ƙirgi da jemammiyar fata suna babi na 41, jaka tana 42, takalmi yana 64. Lambobi shidan farko ba a taɓa su a ko'ina. Bayansu kowace ƙasa na iya ƙara nata don ta ƙara rarrabewa, kamar yadda Amurka da ƙasashen ECOWAS suke kai nasu lambobi 10.

Akwai wani amfani da ba a cika lura da shi ba. Duk alƙaluman da ake ji na cewa ƙasa kaza ta fitar da tan kaza na koko ko auduga, daga waɗannan lambobi ake tattara su. Kayan da ba shi da layinsa yakan faɗa cikin layin da aka rubuta wa “sauransu”, kuma abin da ya shiga sauransu ya ɓace wa mai tsara manufa, domin ba wanda zai iya faɗin yawan abin da ya ƙetare iyaka. Goro, duk da ƙarnonin da ya yi yana haɗa kurmi da Sahel, bai sami layinsa na kansa a lambobi shidan ba sai a gyaran 2012, lokacin da Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi a fito da kayan abincin da talakawa ke dogaro da su. A wannan gyara goro ya zama 0802.70, acca 1008.40, wake 0713.35, gurjiya 0713.34. Gyaran 2022 kuma ya ba wayar salula ta zamani layinta, ya buɗe sabon layi na jirage marasa matuƙi da na sharar kayan lantarki. Kwamitin da ke wannan aiki yana zama sau biyu a shekara, kuma yawancin lokacinsa yana tafiya ne a muhawara kan inda za a ajiye kayan da suka zama jemage, kamar agogon da ke auna bugun zuciya yana kuma amsa waya.

Wanda ya ɗauka wannan muhawara ta malamai ce kawai, ya dubi rigimar naman kaza da ta shiga tsakanin Tarayyar Turai da ƙasashen Barazil da Tailan. Kamfanonin ƙasashen biyu suna cire ƙashi daga naman kaza, su zuba masa gishiri kaɗan, tsakanin kashi 1.2 da kashi 3 cikin 100, su daskarar, su aika Turai a ƙarƙashin layin 0210, na naman da aka sa wa gishiri, inda harajin yake kashi 15.4 cikin 100. A 2002 Turai ta ce wannan gishiri bai isa ya hana nama lalacewa ba, sanyi ne ke riƙe da shi, saboda haka wurinsa layin 0207 na daskararriyar kaza, inda ake biyan Yuro 102.4 a kan kowane kilo 100, wanda ya ninka na farko. Magana ta kai gaban Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, WTO, kuma a 2005 alƙalanta suka ba Barazil da Tailan gaskiya, suka ce alƙawarin da Turai ta rubuta a jadawalin harajinta bai gindaya sharaɗin cewa gishirin ne zai adana naman ba. Abin lura a nan shi ne cewa ƙasashe masu tasowa biyu sun iya kayar da babbar kasuwa irin Turai ne domin akwai rubutaccen ma'aunin da kowa ya sa wa hannu tun kafin rigimar ta taso. Da babu shi, da maganar jami'in da ke tashar Rotadam ta Holan ita ce ƙarshe.

Tambaya ta biyu, ta ƙimar kaya, a nan ne gizo ke saƙar, domin yawancin haraji kaso ne na kuɗin kaya, kuma wanda ya mallaki ikon faɗin kuɗin ya mallaki harajin. Gwamnati na iya rantsuwa cewa kashi 10 kawai take karɓa, amma idan jami'inta ya ƙimanta kayan miliyan ɗaya a kan miliyan biyu, ta karɓi kashi 20 ke nan ba tare da ta taɓa doka ba. Tsohon tsarin ƙimanta kaya na Burasels na 1950 ya dogara ne a kan wani farashi na zato, wato abin da kayan ya kamata su kai a kasuwa mai 'yanci, wanda ya bar wa jami'i fili mai faɗi. Amurka kuma a kan wasu kayan sinadarai tana lissafi da farashin irinsu da aka yi a cikin gida. A tattaunawar da aka kammala a 1979 aka amince da sabuwar ƙa'ida, wadda ta hau kan duk mambobin WTO bayan kafa ta a 1995: tushen lissafi shi ne kuɗin da mai saye ya biya da gaske, ko zai biya. Sai an sami dalilin ƙin wannan ne za a gangara zuwa farashin kaya iri ɗaya da aka shigo da su a baya, sannan masu kama da su, sannan a yi lissafi daga farashin sayarwa a cikin gida ko daga kuɗin ƙerawa, bi da bi, ba tare da tsallake ba sai inda yarjejeniyar ta yarda. Ta kuma haramta ƙayyade mafi ƙarancin farashi da ƙirƙiro ƙima da ka.

A rubuce wannan adalci ne, amma an ɗinka rigar ce a jikin ƙasashen da rasiti ke da daraja, inda hukuma za ta iya bin sawun kuɗi a banki ta binciki littattafan kamfani bayan shekara biyu. A ƙasashen da fito ke cikin manyan hanyoyin samun kuɗin gwamnati, kuma ba abin mamaki ba ne kaya su zo da rasiti biyu, ɗaya na gaskiya ɗaya na kwastam, jami'i yana ganin an ɗaure masa hannu ne an sake ɓarawo. Ƙasashe masu tasowa sun yi wannan ƙorafi, har aka ƙara wani ƙuduri da ya ba kwastam damar neman ƙarin hujja idan tana da dalilin shakka, ta kuma ƙi farashin idan hujjar ba ta gamsar ba, muddin ta bayyana dalilinta a rubuce in an nema. A aikace hukumomi da yawa a Afirka suna ajiye jerin farashinsu, wanda a ƙa'ida na tantance wanda za a tuhuma ne, amma a tasha yakan rikiɗe ya zama farashin dole. A farkon 2022 ejan-ejan masu fitar da kaya a tashoshin Legas sun tafi yajin aiki saboda sabon tsarin ƙimanta tsofaffin motoci da lambar jikinsu, wanda suka ce ya ɗaga kuɗin fito sama da kima. A ganina kowane ɓangare yana da guntun gaskiya, kuma abin da zai raba gardamar shi ne kwastam ɗin ƙasar da kaya suka fito ta riƙa nuna wa ta ƙasar da suka sauka farashin da aka rubuta a can. Irin wannan musayar bayani ita ce ƙasashe suka fi yin rowa da ita. Akwai kuma abin da yarjejeniyar ba ta magance ba: a farkon 2024 farashin dalar da kwastam ta Najeriya ke lissafi da shi ya yi ta canjawa, har ɗan kasuwa ya yi odar kaya da lissafi ɗaya ya zo fitarwa ya tarar da wani.

Tambayar asalin kaya ita ce haɗin kan ya fi rauni a kanta. WTO ta ɗibar wa kanta shekara uku daga 1995 don daidaita ƙa'idojin asali na gama-gari, kuma har yau aikin bai kammala ba. Riɗin Jigawa ba shi da wahala, a nan aka shuka shi aka girbe. Amma atamfar da aka saƙa farin yadinta a Asiya aka buga mata zane a Afirka, 'yar ina ce? Amsar ita ce ke yanke ko za ta shiga maƙwabciyar ƙasa kyauta a ƙarƙashin yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka, wadda aka sa wa hannu a Kigali a Maris ɗin 2018, aka ƙaddamar da aikinta a Yamai a Yulin 2019, ranar da Najeriya ma ta sa nata hannun. Ba banza ba tufafi da motoci suka zama ɓangarorin da tattaunawar asali ta fi daɗewa a kansu. Ɗaya daga cikin hanyoyin da ake bi wajen yanke hukunci ta koma kan lambobin HS ɗin nan, wato idan sarrafawar da aka yi ta fitar da kaya daga layinsu zuwa wani, kamar riɗi ya zama mai, to sun zama 'yan ƙasar da aka sarrafa su. Sake buhu da liƙa sabon tambari ba ya canja layi, saboda haka shinkafar Tailan da aka juye a sabon buhu a Kwatano tana nan 'yar Tailan. Rashin yarda da juna kan irin wannan yana cikin dalilan da Najeriya ta bayar da ta rufe iyakokinta na tudu daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, matakin da ya haɗa mai laifi da mai tumatir ya hukunta su tare.

Sai tambaya ta huɗu, wadda ta fi shafar aljihun ɗan kasuwa kullum, wato lokaci. Kwantenar da ta kwana a tasha tana cin kuɗin ajiya, tana cin tarar kamfanin jirgi, jarin da ke cikinta kuma yana kwance, wani lokaci da bashin banki a kansa. Wani bincike da masana a Bankin Duniya suka yi ya nuna cewa kowane yini ɗaya na jinkiri kafin kaya su tashi yana rage cinikin ƙasa da sama da kashi 1 cikin 100, kuma abin ya fi muni ga kayan da ke ruɓewa. Yarjejeniyar Kiyoto ta 1973, wadda aka sake wa fasali a 1999 ta fara aiki a Fabrairun 2006, ita ce ta tattara yadda ya kamata kwastam ta zamani ta yi aiki. Jigonta shi ne a daina buɗe kowace kwantena. Babu tashar da ke da ma'aikatan da za su sauke dubban kwantenoni su ƙirga kwali-kwali, kuma inda aka ce sai an buɗe duka, abin da ke faruwa shi ne a leƙa baƙin ƙofa a karɓi na goro a rufe. Maimakon haka kwamfuta ce ke duba bayanan da aka shigar tun kafin jirgi ya iso, ta auna tarihin mai kayan da ƙasar da suka fito da irin lambar da aka rubuta, sannan ta tura takarda layin kore a wuce, ko rawaya a duba takardu, ko ja a buɗe kaya. Manhajar da ƙasashe masu tasowa kusan 100 ke amfani da ita wajen wannan, ASYCUDA, wadda 'yan duwan na Nijar suka sani da SYDONIA, hukumar ciniki da ci gaba ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNCTAD, ce ta ƙirƙiro ta a farkon shekarun 1980, kuma buƙatar ECOWAS ta samun alƙaluman ciniki ce ta haife ta.

Harin 11 ga Satumban 2001 ya kusa mayar da hannun agogo baya, domin Amurka ta fara kallon kowace kwantena a matsayin wurin ɓoye bam. Mafitar da WCO ta fito da ita a 2005 ita ce tsarin SAFE, wanda ya kawo batun amintaccen ɗan kasuwa. Kamfani yakan buɗe wa kwastam littattafansa da ɗakunan ajiyarsa a bincika, idan ya ci jarrabawa a ba shi shaidar da za ta sa kayansa su riƙa wucewa da sauri, kuma idan ƙasashe biyu suka amince da shaidar juna, amincin da ya samu a gida ya bi shi ƙetare. Najeriya ta ƙaddamar da nata shirin a 2025. Sai dai sharuɗɗan sun fi dacewa da manyan kamfanoni masu akawu da lauyoyi, kuma ana iya wayar gari layin sauri ya zama na masu ƙarfi, ƙaramin ɗan kasuwa ya gaji duk binciken da aka ɗauke musu.

Abin da Kiyoto ta faɗa wa waɗanda suka zaɓi shiga cikinta, WTO ta mayar da shi wajibi a yarjejeniyar sauƙaƙa ciniki da aka cimma a Bali ta Indunusiya a Disamban 2013. Nijar ce ta farko da ta tabbatar da ita a cikin rukunin ƙasashe mafi ƙarancin ci gaba, a 2015, Najeriya ta biyo a Janairun 2017, sannan ranar 22 ga Fabrairun 2017 Cadi da Ruwanda da Oman da Jodan suka cika kashi biyu cikin uku na mambobi da ake buƙata, ta fara aiki. WTO ta ƙiyasta cewa cikakken aiwatar da ita zai rage kuɗin da ciniki ke ci da kimanin kashi 14.3 cikin 100. Abubuwan da ta ƙunsa ba su da ƙyalƙyali: a wallafa dokoki da kuɗaɗe inda kowa zai gani, a ba mai kaya damar ɗaukaka ƙara, a fifita kayan da ke lalacewa, a buɗe taga ɗaya da za a miƙa takardu sau ɗaya maimakon zagaya hukumomi. Wanda na fi ganin amfaninsa shi ne hukuncin gaba, inda ɗan kasuwa zai rubuta wa kwastam kafin ya yi oda ya ce ga kayan da zan kawo, wace lamba za ku ba su, a ba shi amsa a rubuce wadda za ta ɗaure jami'in da zai tarar a tasha. Aikin madugu ke nan aka mayar takarda. An kuma bar kowace ƙasa mai tasowa ta raba alƙawuran gida uku, wanda za ta yi nan take, wanda take son lokaci, da wanda sai an taimaka mata da kuɗi da horo, kuma a gida na ukun nan ne abubuwa masu nauyi irin taga ɗaya suka taru a ƙasashen Afirka da dama.

Ƙasar da ba ta da teku ita ta fi kowa sanin darajar wannan haɗin kai da kuma iyakarsa. Kayan ɗan kasuwar Maraɗi ko Yamai da suka sauka a Kwatano ba na Benin ba ne, wucewa kawai za su yi, saboda haka ƙa'ida ta ce kada a karɓi fito a kansu, a rufe su da kulle, a ajiye jingina, a sake ta idan sun fita. Tsarin SIGMAT da ECOWAS ta fara a 2019 yana sa kwamfutar kwastam ta ƙasar da mota ta tashi ta sanar da ta ƙasar da za ta sauka tun kafin ta iso, don kada a sake cika takarda a kowace iyaka, kada kuma kaya su ɓace a tsakani. Amma bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya ta rufe, motoci suka yi jerin gwano, kaya suka koma bi ta Lome da Burkina Faso da rakiyar soja, hanya mai tsawo da tsada. Babu sakin layi a Kiyoto ko Bali da ya buɗe gadar. Abin da ya rage a tsaye shi ne ma'aunin kansa, domin ko bayan ficewar Nijar da Mali da Burkina daga ECOWAS a Janairun 2025, albasar Galmi tana nan 0703.10 a Yamai da Akara da Abijan. Haka ma da Amurka ta ƙaƙaba sababbin haraji a 2025, Sin kuma ta rama, jerin kayan da kowanne ya hukunta ko ya yafe da lambobin HS aka rubuta shi. Ana faɗa, amma da harshe ɗaya ake zagin juna.

Akwai kuma cinikin da duk wannan gini bai san da shi ba. A Jibiya da Illela da Maigatari, kaso mai yawa na gero da dabbobi da kayan masarufi da ke ƙetare iyaka ba ya ganin takardar bayyana kaya, domin mai buhu biyar ba zai ɗauki ejan ya cika fom a kwamfuta ba, kuma abin da ke cin ribarsa shingayen kan hanya ne waɗanda ba su cikin kowane kundi. Ƙasashen gabashi da kudancin Afirka na ƙungiyar COMESA sun gwada wata hanya, inda kayan da ba su wuce dala 2,000 ba kuma suna cikin jerin da maƙwabta biyu suka amince da shi ke wucewa da gajeren fom ɗaya a bakin iyaka. WCO tana da sanarwar Arusha ta 1993 kan riƙon amana a aikin kwastam, wadda aka sabunta a 2003, kuma maganin da ta fi dogara da shi shi ne a rage wuraren da mai kaya da jami'i za su haɗu ido da ido, a kuma biya jami'in albashin da zai riƙe shi. Lambar kaya ma ba ta wanke ingancinsu. Waken Najeriya yana da layinsa tun 2012, amma a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigo da busasshen wake daga ƙasar saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a ciki, wanda hukunci ne na masu duba lafiyar abinci, ba na mai karɓar fito ba. Riɗin Dawanau shi ma bayan ya wuce teburin haraji a Japan, akwai gwajin saurar magani da ke jiransa.

Kundin HS na gaba zai fara aiki ranar 1 ga Janairun 2028. Duk lokacin da aka yi irin wannan gyara, sai kowace ƙasa ta sake rubuta jadawalin harajinta, ta fassara shi, ta gyara manhajarta, ta horar da jami'ai da ejan-ejan, a ƙungiya irin ECOWAS kuma, mai harajin bai-ɗaya na matakai biyar daga sifiri zuwa kashi 35 tun 2015, sai mambobi sun amince tare kafin kowa ya motsa. A gyare-gyaren baya ƙasashen Afirka da dama sun makara da shekaru, kuma a tsawon wannan jinkiri wayar salula ɗaya takan bar masana'anta a Sin da sabuwar lamba ta iso tashar da kwamfutarta ba ta san lambar ba, sai ejan ya koma jadawalin da ke haɗa tsofaffin lambobi da sababbi ya nemo tsohuwar kafin a karɓi takardarsa.